Tambarin da ke Ƙarƙashin Katako

Talata, 26 ga Maris

Nev ya bugo waya. Yayana, wanda rabon da in ji muryarsa tun jana'izar matata Lorraine. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. "Auta, har yanzu kai ne mai duba bindigogi a kulob?" Na ce har yanzu ba su sami wani wawan ba. Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma tari, na riƙe waya ina jira ya gama.

Ƙurar kwal ta cinye masa huhu. A watan Mayu zai koma gidan kula da tsofaffi can Mudgee, kuma ba a shiga can da bindiga, dole ya miƙa lasisinsa. Kafin nan yana so ya harba bindigar Baba sau ɗaya tak, a filin harbinmu, ranar Asabar ɗin da ke bin Ranar Anzac ta tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, ranar da kowa ke fito da tsofaffin bindigogin soja. Bai taɓa harba ta ba. Baba ma ban taɓa ganin ya harba ta ba.

Dokar kulob kuwa, tsohuwar bindiga ba ta hawa tudun harbi sai na duba ta na ɗaura mata koren zare. Na ce ya kawo. To me zan ce?

Laraba, 27 ga Maris

Gwiwa ta hana ni sakat. Sanyi ya fara sauka daga duwatsu. Shayi da burodi, shi ke nan.

Juma'a, 29 ga Maris

Tun Talata abin ke cina, gara in rubuta.

Muna yara tana rataye a ɗakin wanki, can sama inda hannu ba ya kai. Baba ya ce ita ya riƙe lokacin da ya je yaƙi a New Guinea. A kotarta akwai jan fenti da ya zagaye katakon, faɗinsa kamar yatsu biyu. Na taɓa tambayarsa, ya ce shi ya shafa don ya riƙa gane tasa idan an jingine su wuri ɗaya. Da ya rasu Nev ya ɗauke ta, shi ne babba, babu wanda ya tanka. Lokacin ni makaniki ne kawai, ban san komai game da tambura ba.

Daga baya na sani. Jan fenti irin wannan, a kan bindigogin da ake bai wa 'yan makaranta masu koyon fareti ake shafa shi, kuma abin da yake cewa ɗaya ne: kada a sa mata harsashi. Shekara da shekaru ke nan da sanina. Na duba bindigogin mutane ba adadi, na gaya musu abin da ba sa so su ji ba tare da na ƙifta ido ba, amma wannan ɗin ban taɓa neman in gan ta ba. Wataƙila fentin Baba ne da gaske. Haka nake gaya wa kaina.

Asabar, 6 ga Afrilu

Sun zo. Raelene, 'yar Nev, ita ta tuƙo shi. Ya rame ƙwarai, ga robar iska a hanci, ga tukunyar iskar tana binsa a kan ƙananan tayoyi kamar kare. Amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Yana shiga ɗakin aikina ya kalli bango ya ce, "Har yanzu kana tara ƙarafa kana karanta su kamar jarida? Mutane na karanta Baibul, kai kana karanta gindin bindiga."

Ya buɗe bargo da kansa, bai bari Raelene ta taɓa ba. Sumul take, tana sheƙi kamar sabon teburin falo. Ya bi katakon da samfefa tun daga kota har baki, ya zuba mata banish, man nan mai sa katako sheƙi. Babu jan fenti. Babu tamburan da ake bugawa a gefen kota. Duk tarihin da ke jikin katakon ya share shi tas, kuma ya tsaya yana kallona yana jiran yabo.

"Wata guda na yi a kanta," in ji shi. "Sai in goga kaɗan, in huta, in goga. Duk dattin nan da tsohon fentin nan na fitar. Na ce kada in kawo wa Auta ƙazanta ya rena ni."

Na ce ta yi kyau. Kaico. Da wani ne ya kawo mini bindigar 1941 da banish a jiki, da ya ji ba daɗi.

Raelene ta bi ni kicin da na je ɗora ruwa. Ta ce, "Kawu Lyle, wannan abin shi ke tashinsa daga gado da safe." Na ce na gani. Sun bar bindigar, sun kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ban buɗe akwatin ƙarfen da na kulle ta a ciki ba. Na share ganye a tsakar gida, iska ta mayar mini da su.

Litinin, 8 ga Afrilu

Na ɗora ta a kan benci, na kunna fitila, na ɗauko gilashin ƙara girma. Idon ma yanzu sai a hankali.

Abin da ke waje duk lafiya lau. A wuyan ƙarfe, inda kota ke shiga, sunan garinmu Lithgow, inda aka ƙera ta, da shekara, 1941. Ƙaramin tauraro da A a cikinsa, nan da can, inda masu duba aiki suka buga shaidarsu. D biyu da kan kibiya a tsakani, wato kayan gwamnati. Lambar sakata ta yi daidai da ta jiki. Har na fara jin sanyi a raina, tsohon banza.

Sai na ga kibiyoyi biyu sun haɗa kai da kai. Wannan na nufin soja sun sallame ta, an sayar. Soja ba ya dawowa gida da bindigarsa dama, karɓewa ake yi ranar sallama, kowa ya san haka, ni ma na sani. Wato a kanti Baba ya saye ta, ko a hannun wani.

Sannan a saman jiki, daidai inda bututu ya shiga, yatsana ya ji wani ɗan lotsi. Ido ba ya gani sosai, yatsa ne ke ji. An taɓa bin wurin da zarto, an sake baƙanta shi. Tsohon aiki ne, ba na Nev ba. Mutum ba ya goge ƙarfe a wannan wurin don nishaɗi.

Na kashe fitila. Gobe.

Talata, 9 ga Afrilu

Na ɗaga katakon da ke rufe saman bututu. Mai zarton nan, ko wane ne, malalaci ne, bai leƙa ƙarƙashi ba.

Ga tambarin gwaji nan, kambi a sama, tutoci biyu a gicciye a ƙasa, shaidar cewa an taɓa cusa mata harsashi mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida ta jure. Amma an soke shi da layi. A gefensa kuma haruffa biyu manya, an buga su da zuciya ɗaya: D da P. Ta atisaye ce. Wani makanikin soja ya duba ta tun kafin in yi wayo, ya ga ta gama aiki, ya yanke mata hukunci: a yi fareti da ita, a koyi ɗana sakata da ita, amma kada wuta ta sake shiga cikinta.

Duk da haka na gwada, don kada in ce ban yi ba. Na sa ma'aunin da in sakata ta rufe a kansa an gama magana. Ta rufe lumui, ko gardama babu. Jikin ya miƙe. Harsashi zai iya fashewa ta baya, kuma ta baya ɗin nan fuskar mai harbi take.

Na zauna a kan kujera har shayina ya huce. Ba mamaki nake yi ba. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya daɗe yana jiran baƙon da ba ya so, yau ga shi ya ƙwanƙwasa.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Nev ya kira sau biyu. Na bar ta tana ringi.

Asabar, 13 ga Afrilu

Kulob. Na gaya wa Col Hartigan, kyaftin ɗinmu, muna tsaye bayan rumfa yana cin fanken nama yana zubar da miya a riga. Ya saurara, ya lashe yatsa, ya kawo shawarar da na san zai kawo.

"A ɗaure ta a tsohuwar taya, a sa igiya mai tsawo, mu laɓe bayan mota mu ja. In ba ta fashe ba, shi ke nan, ka ɗaura zarenka."

Na ce in ba ta fashe a na farko ba, me ya nuna? Ya nuna ba ta fashe a na farko ba. In kuma ta fashe, in kwashe guntayen bindigar Baba a bokiti in kai wa Nev?

"Harbi ɗaya ne fa, Lyle. Mutumin nan ko Kirsimeti ba lalle ya gani ba. Me ya rage da za ka kare?"

Na ce idonsa. Ya rage masa ido biyu da fuska, kuma da su nake so a binne shi. Col ya ce, "Kai dai ba ka da daɗin sha'ani." Na ce da ina da daɗin sha'ani da ba ku ba ni wannan aikin ba.

A hanyar gida na yi ta saƙe-saƙe marasa kyau. In canza mata bututu a ɓoye? Jikin ne ya lalace, ba bututu kaɗai ba. In canza jikin, to me ya rage na Baba, katakon da Nev ya goge? In ce masa wani abu ya karye, ba a samun irinsa? Zai ce in nuna masa.

Laraba, 17 ga Afrilu

Raelene. Ta ce ya sa ta sayo masa sabuwar hula da abin toshe kunne, yana gwadawa a gaban madubi. Ta ce, "Kawu, akwai matsala, ko?" Na ce akwai. Ta ce, "To kada ka gaya masa ta waya. Kuma kada ka yi masa irin maganar da kake yi wa mutane." Na ce wace iri? Ta ce na sani.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Good Friday, hutun Juma'ar da ke gaban Ista, hanya ba kowa. Na tuƙa zuwa Mudgee, bindiga a kulle a bayan mota.

Na shimfiɗa ta a kan teburin kicin ɗinsa, na ɗaga katakon, na miƙa masa gilashin. Na yi niyyar in bi a hankali, in fara da tauraro da shekara. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina yana zuba kamar ina gaban baƙo a kasuwar bindigogi. Wannan tambarin gwaji ne, an soke shi. Wannan na nufin atisaye. Wannan na nufin an sayar. Jan fentin da ka goge, gargaɗi ne.

Ya daɗe yana kallo ta gilashin.

"Wato Baba maƙaryaci ne."

Na ce ban faɗa ba. Baba ya je New Guinea, zazzaɓin da ya dawo da shi mun ga yadda yake kayar da shi duk shekara. Bindigar ma a 1941 aka ƙera ta, mai yiwuwa ta je. A hannun wa, babu tambarin da ke faɗa.

"Amma ba tasa ba ce."

Na ce tasa ce, tunda shi ya saya ya rataye.

"Kada ka yi mini wayo, Auta, na girme ka." Ya ture gilashin. "Tun yaushe ka sani?"

Na gaya masa gaskiya, cewa na daɗe ina zato saboda fentin. Nan ya hau. Ya ce na bar shi yana nuna wa jikoki, yana nuna wa abokansa na ramin kwal, ashe ina can Lithgow ina masa dariya. Na ce ban taɓa dariya ba. Na ce ina da wata irinta, shekararsu ɗaya, lafiyayya, ya zo ya harba ta ko sau goma. Ya ce shi ba ƙara yake nema ba, ƙara ai ya ji ta a ƙarƙashin ƙasa har ya kurmance. Tari ya sarƙe shi, Raelene ta shigo da gudu tana murɗa tukunyar iska, ta kalle ni.

Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗauki abarka ka tafi. Kai ka iya karanta ta, kai ta dace da kai."

Na dawo da ita. Ko abincin rana ban tsaya ci ba, ga shi Raelene ta gasa kifi.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ista. Maƙwabciya ta kawo mini ƙwan cakulan kamar wani yaro. Na gode mata.

Na yi daidai. Na sake auna ta yau, sakata ta sake rufewa. Na yi daidai, kuma ban ji daɗin komai ba.

Talata, 23 ga Afrilu

Shiru.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na je taron asuba na Ranar Anzac a dandali. Sanyi har cikin ƙashi. Da aka busa ƙaho na tsinci kaina ina tunanin Baba a cikin wani kantin kayan soja, matashi, da kuɗin aikinsa a aljihu, yana ɗaga bindigogi ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda nauyinta ya yi masa kama da wadda aka karɓe. Ko ya san ta atisaye ce? Ina jin ya sani. Yana da yara maza biyu masu ƙiriniya a gida. Wataƙila ma da gangan ya zaɓi wadda ba zai taɓa sayo mata harsashi ba. Ban sani ba. Wannan ba a rubuce yake a jikin ƙarfe ba.

Da yamma waya. Nev. Murya ƙasa-ƙasa.

"Wannan atisayen da ka ce, me ake yi da ita?"

Na ce a kwanta, a sa harsasan ƙarya marasa albarushi, a ja sakata, a saita, a danna kunama. Sai dai ƙas, babu wuta.

"Kana da irin harsasan?"

Na ce ina da su.

"To sai in yi abin da aka yi ta dominsa. Ka gaya wa Col, wancan mai tumbin, ya tanadar mini wuri." Ya kashe kafin in amsa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na gaji matuƙa, amma bari in rubuta kafin ya gushe.

Rana ta fito, iska kaɗan daga dama. Yadi ɗari uku. Mutane sun cika, kowa da tsohuwarsa. Col ya ce yau shi zai shiga ramin da ke ƙarƙashin allunan, inda ake jan allo ƙasa bayan kowane harbi a nemo huda, a maƙala mata farin faifai, a sake turo shi sama don mai harbi ya ga inda ya samu. Ya tafi da rediyo ɗaya, ɗayan yana aljihuna.

Na sa aka dakatar da kowa. Ban ɗaura mata koren zare ba, ba ta ci ba. Na nuna wa jami'in fili harsasan ɗaya bayan ɗaya, farare masu jan tsaga, ya girgiza su a kunne ya ji babu komai ciki, ya ce to.

Kwantar da Nev a kan tudu sai da ni da Raelene muka haɗu, ga robar iska tana harɗe mana ƙafa. Ya ce mu sake shi, shi ba buhun dankali ba ne. Ya sa sabuwar hular. Ya toshe kunnuwa, duk da ya san babu abin da zai ji, kuma babu wanda ya yi dariya. Na zauna a gefensa da madubin hangen nesa, kamar yadda ake zama wa kowane mai harbi.

Ya tura sakata, ya kwantar da kunci a kan wannan banish nasa. Bakin bindigar yana ta yawo, sama, ƙasa, da kowane numfashi. Ya daɗe. Na zaci zai fasa. Sai na ga yawon ya tsaya cak, ya riƙe ɗan numfashin da yake da shi.

Ƙas.

Bai ɗaga kai ba, yana nan yana kallon allo ta cikin saiti.

Sai allo na huɗu, wanda ya saita, ya nutse ƙasa. Ya ɗan jima. Ya taso da farin faifai a cikin baƙin tsakiya, ya ɗan karkata hagu.

Nev ya ce, "Me ka gani, Auta?" Na sa ido a madubi na duba sosai, na ce maki biyar ne, wajen ƙarfe tara in ka ɗauki allon kamar fuskar agogo, kaɗan ya rage ta zama tsakiyar tsakiya. Ya ce, "Iska ce." Na ce iska ce. Kafaɗunsa suka fara rawa, ban tantance ko dariya ce ko kuka ba, ban kuma leƙa ba. Wani ya rubuta sunan Nev da alli a allon maki, ya sa biyar a gaba.

Bai nemi na biyu ba. A rumfa ya sha rabin kwalbar giya, ya gaya wa kowa cewa ƙanensa tun yana yaro ba shi da daɗin sha'ani.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Col yana ta yaɗawa wai shi bai ja allo don kansa ba, wai murya ya ji a rediyo tana cewa a duba na huɗu, a sa shi ɗan hagu don kada ya yi kyau da yawa. Ban tuna masa a aljihun wa ɗayan rediyon yake ba. Rediyon kulob ya daɗe yana kama maganganun direbobin manyan motoci. Na sha gaya musu su canza shi.

Na koma da safe in kulle rumfa. Share allon maki aikina ne duk Lahadi. Na share na sauran mutane. Tsumman ya bushe kafin in kai layin ƙarshe, na Nev, famfo kuma yana can nesa, ga gwiwa.

Laraba zan leƙa Mudgee. Ya ce in zo da gilashin, akwai taurarin da bai gama gani ba.